Rami na Shida da Hon ɗin Sule

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Bukar ya shigo ɗakin gyaran nan namu da hamonikarsa, ɗan abin busan nan na baki, a naɗe cikin hankici ba. Talata ce, an gama yankan gero, dawa tana tsaye a gona, ni kuma saura shekara biyu in ajiye aiki. Ku da kuka shigo sashen yaɗa labarai daga baya ba ku tarar da shi ba, don haka bari in fara gaya muku ko shi wane ne.

Lokacin da aka ɗauke ni aiki a matsayin mataimakin mai kula da na'ura, sashen nan yana da motar majigi, kuma mu uku ne a cikinta. Malam Bukar shi ne jami'in wayar da kai, shi ne babbanmu, shi yake riƙe makirfo yana yi wa jama'a bayanin abin da ake haskawa a farin ƙyalle, ko allurar rigakafi, ko zuba taki, ko tsabtar bakin rijiya. Sule shi ne direba. Ni kuwa janareta da na'urar haska fim da lasifika su ne a hannuna. Ran Litinin za a ba mu jerin garuruwan da za mu je a makon, ofis ya aika wa kowane dagaci takarda, mu kuma mu isa gari da la'asar don mu sanar da zuwanmu tun mutane suna dawowa daga gona.

Kun san yadda garuruwanmu suke, gida gona, gida gona, kafin ka fita daga wannan unguwa ka riga ka shiga waccan. Sauti yana tafiya da nisa a irin wannan wuri. Malam Bukar ba ya fara sanarwa da magana. Sai ya ciro hamonikar nan daga aljihun gaba, ya kara ta a makirfo, ya busa wani ɗan gajeren take da shi kaɗai ya san inda ya samo shi. A ƙarshen taken akwai wani sauti mai tsawo da yake ja, a nan ne Sule yake danna hon ɗin mota, su tafi tare su sauka tare. Mutane suka sa wa abin suna kiran majigi. Da an ji shi, mai daka ta ajiye taɓarya, mai kora awaki ya ƙara sauri, kowa ya san yau akwai kallo a ƙofar gidan dagaci.

Kakannin Malam Bukar daga Barno suka zo, Sule kuwa Bafulatani ne, to kun san sauran. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a bayan motar nan tsakanin janareta da akwatunan fim, ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunansa ba. Daga "kai Babarbare" sai "kai Bafulatanin nan". Sule ya ce Malam Bukar bawansa ne da ya gada, Malam Bukar ya ce Sule bai taɓa ganin sabulu ba sai da ya shiga aikin hukuma. Amma kwano ɗaya suke cin abinci, kuma duk garin da aka ba mu fura, Sule ba ya kai ludayi baki sai Malam Bukar ya fara. Daga baya zamani ya juya, majigi ta daina tashe, motar ta lalace aka jingine ta a bayan sito a kan duwatsu. Su biyun suka yi ritaya, ni na yi ta hawa har na zama babban mai kula da na'urori.

Ranar da nake ba ku labari, da ƙyar na gane shi. Ya rame, kuma daga bakin ƙofa zuwa bencin nan sai da ya tsaya ya huta. Bayan mun gaisa ya warware hankicin ya ce, "Isuhu, Bafulatanin nan ne ba lafiya. Tun tsakiyar damina ɓarin jikinsa ya shanye. Asibiti sun ce a dawo da shi gida a ci gaba da addu'a."

Duk mun san abin da wannan magana take nufi.

Ya ce, "Na je duba shi shekaranjiya. Maganarsa ba ta fita sosai, amma na ji abin da ya ce. Kiran majigi yake so ya ƙara ji. Na ciro ta na busa, wallahi iska kawai take fita, fuu, fuu, kamar ana hura wuta. Na ji kunya, Isuhu. Ban sani ba ko ita ce ta tsufa ko ni ne."

Na ce, "Ku biyun ne, Malam. Amma ita ina da maganinta."

Ga wanda bai taɓa buɗe hamonika ba, abin ba shi da wuyar ganewa. Ramuka goma ne a jere. A tsakiya akwai katako mai haƙora kamar mataji, shi ya raba ramukan. Sama da ƙasansa akwai faranti biyu na tagulla, kowanne da siraran harsuna goma, sai murfi biyu da suka rufe su. In ka hura, harsunan sama su yi rawa su ba da sauti, in ka zuƙa, na ƙasa su amsa. Duk sirrinta a iska yake. Muddin iska ta sami wata kafa ta zurare, to sai ka yi ta wahalar da ƙirjinka a banza. Saurayi zai iya danne ta da ƙarfin huhu, amma tsoho mai numfashi sama-sama ba zai iya ba. Ni na koyi wannan tun ina neman sana'a, a wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa a birni, kuma ina ji da kaina a kai, ba zan ɓoye muku ba.

Na rubuta ta a littafin shigar kaya kamar yadda doka ta ce, na ce masa ya dawo ran Alhamis. Da na cire murafan na ɗaga ta ga hasken taga, sai ga rana tana leƙowa ta tsakanin katako da faranti a wuri huɗu. Yawu da zafi na shekaru sun sa katakon ya kumbura ya motse har ya karkace, ƙusoshin da suka riƙe farantan kuma duk sun yi sako-sako. Na shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi, na riƙa goga katakon a hankali ina juya shi, har fuskarsa ta kwanta sumul. Na narka kakin zuma na shafe shi don kada ya ƙara shan ruwa. Ƙusoshin na zubar, na huda ramukansu na sa ƙananan sukurori da na ciro daga wata matacciyar rediyo. Sannan na bi harsunan ɗaya bayan ɗaya, na rage tazarar da ke tsakanin kowanne da farantinsa, don ko ɗan numfashi kaɗan ya isa ya motsa shi. Wannan na yi ne musamman saboda ƙirjin Malam Bukar. Da na haɗa na gwada, ko huci ka yi mata sai ta amsa.

Da a nan na tsaya, da na yi aikin kirki. Amma kun san ni da ƙaƙale. A hamonika, rami na uku da na shida da na tara, in ka hura su, sauti ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani kauri. Na hura na uku da na tara, suka yi daidai. Na hura na shida, sai na ji ya yi ƙasa, ya kauce wa 'yan'uwansa. Na sake buɗewa na duba harshen, sai ga kankara a gindinsa, an ƙwarzane shi kaca-kaca kamar kaza ta yi tono. Na ce a raina, wane mara hankali ne ya yi wa kayan mutane wannan ɓarna? Ƙa'idar ita ce, in ka kankare gindin harshe sauti ya sauka, in ka kankare bakinsa ya hau. Na ɗauki ƙaramin zarto na bi bakin harshen a hankali har na shida ya dawo layi. Na koma gida ranar ina jin babu kamata a duk ƙasar Kano.

Ran Alhamis da hantsi Malam Bukar ya dawo. Ya kai ta baki ya ɗan hura, sai ya zaro ido, ya ce, "Kai! Ashe ba ni ne na mutu ba." Ya gyara zama ya ɗauko taken daga farko. Rabona da jin sa har na manta. Ya zo sautin ƙarshe ya ja shi, sai ya katse a tsakiya. Ya sake. Ya sake katsewa. Ya sauke ta daga bakinsa ya dube ni.

"Isuhu, me ka yi wa na shida?"

Na ce, "Gyara shi na yi, Malam. Wani ne ya ɓata shi da kankara, ya sauka daga inda kamfani ya ajiye shi."

Ya juya hamonikar a hannunsa yana duban ramin. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, "Wanin nan Bafulatanin ne. Tun kafin a ɗauke ka aiki. Da farko in na ja sautin ƙarshe ya danna hon, sai su riƙa karo da juna, abin ba daɗin ji. Ya ce hon na hukuma ne ba zai taɓa shi ba, amma hamonikar bawansa ce, yana da iko da ita. Muka zauna a gindin wata tsamiya a hanyar Zakirai tun azahar, da zarton da yake goge fulogi. Ya kankara, in busa, ya danna hon. Ya kankara, in busa, ya danna. Sai da suka zama abu ɗaya ya bari."

Kunya ta rufe ni. Shekara goma sha ɗaya ina jin sautin nan biyu suna tafiya tare a saman kaina, ban taɓa tambayar yadda aka yi suka dace ba. Na ɗauka haka Allah ya yi su. Ga shi da hannuna, cikin minti goma, na share aikin mutumin da yake kwance yana jiran ya ji shi.

Malam Bukar ya ce, "Ba ya mayuwa?"

Na ce, "Yana mayuwa. In na ɗiga dalma a bakin harshen zai yi nauyi ya sauka. Amma ya sauka zuwa ina? Ba ni da ma'auni."

Ya ce shi dai kunnensa ya san ba haka yake ba, amma ba zai iya ce mini ga daidai wurin ba. Muna cikin haka, sai idona ya faɗa ta taga kan tsohuwar motar a bayan sito, ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunta.

To a aikin hukuma, ko ƙusa ba ka cirewa daga jikin mota sai da takarda, ko da motar ta shekara ashirin ba ta motsa ba. Sai shugaban sashe ya sa hannu, mai kula da sito ya rubuta fitar kaya, sannan a ba ka takardar wucewa ta bakin ƙofa. In an bi ta yadda aka saba, mako guda ne, mu kuwa ba mu san ko Sule yana da mako guda ba. Na rubuta buƙatar da hannuna na hau wurin shugabar sashenmu ta lokacin, Hajiya Binta, mace mai bin doka sau da ƙafa. Ta karanta ta ɗago kai.

"Malam Isuhu, hon ɗin motar da ta mutu? Me za ka yi da shi?"

Na gaya mata komai, har da ɓarnar da na yi, ban rage ba. Sai na ga ta ajiye biro ta jingina da kujera. Ta ce, "Kiran majigi. Muna yara in muka ji shi, ko tallan gyaɗa aka ɗora mana sai mun bi motar nan har ƙofar gidan dagaci. Na sha duka a kansa." Ta sa hannu, ta rubuta a ƙasa cewa a dawo da shi ran Litinin, ta kira mai kula da sito da kanta, ta kuma ce gobe bayan Juma'a motar ofis ta kai mu.

Da na kwance hon ɗin, zanzaro ya yi gini a cikin bakinsa. Na fasa ginin na kakkaɓe, na haɗa shi da batir, sai ya yi wani gurnani kamar tsohon rago. A bayan kowane hon akwai ɗan sukuri da ake juyawa a sauya muryarsa. Wallahi har na ɗora sukundireba a kansa, don hannu ya saba. Sai na tuna abin da ya kawo ni nan, na janye. Na buɗe shi na goge tsatsar da ke kan mahaɗar wutar kawai, ban taɓa komai ba bayan wannan. Na sake haɗawa. Ya saki murya tasa ta da, garau, har masinjoji da masu shara suka fito suna dube-dube.

Daga nan muka koma gindin tsamiya, sai dai a kan bencin nan. Na ɗiga dalma kamar ƙwayar gero a bakin harshe na shida, sautin ya sauka fiye da kima, sannan na shiga rage ta kaɗan-kaɗan. In kankara, Malam Bukar ya busa, in taɓa waya a batir. In sauti biyu sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba, za ka ji suna rawa, wuu-wuu-wuu, kamar suna kokawa. Kowace kankara rawar tana raguwa. Malam Bukar yana hutawa tsakani saboda ƙirjinsa, ni kuma gumi har cikin idona, don in na zarce sai an sake daga farko. Ana kiran la'asar rawar ta tsaya cak. Malam Bukar ya share ido da hankicin ya ce, "Shi ne." Kafin in tashi na samo makunnin ƙararrawar ƙofa na haɗa a jikin wayar, irin wanda yatsa ɗaya ya isa ya danna.

Washegari bayan an sauko daga masallaci muka isa ƙauyen su Sule. An fito da shi zaure a kan katifa, an tokare shi da matasai. Mutumin da yake ɗaga tayar mota shi kaɗai ya koma kamar kara. Malam Bukar ya yi sallama ya ce, "Bafulatani, har yanzu kana nan kana wahalar da mutane?" Gefen bakin Sule mai motsi ya ɗaga, ya yi wata magana da ban ji ba, amma Malam Bukar ya ji, don ya ce, "Bawan wa? Allah ya kiyaye."

Na ajiye batir a bakin ƙofa, na juya bakin hon ɗin waje, na sa makunnin a ƙarƙashin hannunsa na hagu, wanda yake aiki. Ya shafa shi da yatsa, ya bi wayar da ido har zuwa hon ɗin. Ya gane shi. Na ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Malam Bukar ya zauna a gefen katifar ya busa. Taken ya fito tsaf, babu fuu, babu yankewa. Ni dai idona yana kan yatsan Sule, ina tsoron ko ba zai iya ba. Da aka zo sautin ƙarshe, ko ƙiftawar ido bai makara ba. Ya danna, suka tafi tare, suka sauka tare, kamar jiya aka bari. Kaji suka watse a ƙofar gida. Daga bayan danga muka ji wata tsohuwa tana tambaya da ƙarfi, "Wai majigi ce ta dawo?"

Sule yana dariya hawaye yana bin gefen fuskarsa. Ya yafito Malam Bukar ya matso, ya yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, wannan karon har ni na ji. Ya ce, "Ka ji na shidan nan? Shekara nawa, ko motsi bai yi ba. Aikin Bafulatani ke nan."

Malam Bukar ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "Ko motsi bai yi ba, Sule." Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya kira shi da sunansa.

Sau uku suka maimaita kafin ya gaji. Ran Litinin na mayar da hon ɗin sito, aka sa hannu an karɓa, na ɗaura shi a inda na ciro shi. Kwana tara bayan zuwanmu Allah ya yi wa Sule rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Malam Bukar da ya bi shi bayan shekara biyu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, toshe kafar iska aikin hannu ne, kowa ya zauna zai koya. Abin da ya fi wuya shi ne ka san inda za ka tsaya. Duk na'urar da aka ajiye muku a bencin nan ta bi ta hannun mutane kafin ta zo gare ku, kuma ba duk abin da ya kauce wa littafin kamfani ne lalacewa ba. Wani lokaci wani ne ya zauna tun azahar ya karkata shi da gangan, saboda wani dalili da ba a rubuta a ko'ina ba. Tun daga ranar, in na buɗe abu na ga wata kankara ko wani ɗauri da ban gane ba, sai in ajiye zarto in nemi mai kayan in tambaye shi wa ya yi wannan, kuma don me. Ni na yi sa'a, hon ɗin yana nan a bayan sito, kuma Sule ya jira mu har Juma'a.